Kundin Aikin Idon Tsofaffi: Daga Aji Zuwa Zaure

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Yau muka buɗe horon binciken makanta tsakanin tsofaffi da mutum goma sha biyu: likitocin ido biyu masu neman ƙwarewa, masu auna ido su yanka tabarau uku, ma'aikatan jinyar ido biyar, sai ɗalibai biyu daga sashen ƙididdiga waɗanda ba su taɓa leƙa idon kowa ba. Biyar daga cikinsu mata ne. Na yi ta ja-in-ja a kan yawan matan nan tun wajen zaɓe, domin na san cikin gidajen da za mu je akwai na ba-shiga, kuma tsohuwar da ke ƙuryar ɗaki ba za ta fito zaure don wani ƙato ya haska mata tocila ba.

Na fara da tambayarsu tsofaffi nawa marasa gani kowa ya duba a watan jiya. Kowa ya kawo nasa lissafin, har da ɗan alfahari. Sai na ce to nawa ne ba su zo ba? Aji ya yi tsit. Aikinmu ke nan na watanni masu zuwa. Dukkansu sun iya duba wanda ya kawo kansa asibiti. Abin da ba su iya ba shi ne ƙirga wanda bai zo ba.

Tsarin da za mu bi shi ne wanda ake kira RAAB, wato binciken gaggawa kan makantar da za a iya kauce mata. Cibiyar kula da lafiyar ido ta ƙasa da ƙasa da ke makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan ce ke riƙe da shi. 'Yan shekara 50 zuwa sama kaɗai ake dubawa, saboda a nan mafi yawan makanta ta taru, don haka da mutum dubu biyu zuwa dubu biyar za ka san halin da yanki guda yake ciki, ba sai ka bi yara da matasa gida-gida ba. Sabon zubin tsarin, na bakwai, a waya ake cika shi ta manhajar Peek. Duk da haka na sa an buga takardu. Na san halin caji a ƙauye.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ranar Gani ta Duniya, wadda ke faɗowa Alhamis ta biyu a kowane Oktoba. Wasu sun so mu fita tattaki da riguna masu tambari. Na ce a'a, muka zauna muka karanta binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007.

An duba mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. Kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wanda ya kai kimanin mutum miliyan 1.13 a faɗin ƙasa. Yanar ido ita ke da kashi 43 na makantar, hawan jinin ido, wato gilakoma, na bin ta da kusan kashi 17. Kashi 84 na makantar duka abu ne da ake iya hanawa ko warkarwa. Arewa maso gabas ta fi ko'ina da kashi 6.1, kudu maso yamma na da 2.8. Ɗaya daga cikin 'yan ƙididdigar ya ɗaga hannu ya ce, "Dakta, wanda yake ɗan shekara 40 lokacin da aka yi wannan, yanzu ai ya doshi 60." Haka ne. Da awon da ya kusa shekara ashirin muke yanka wa jama'a riga har yau, kuma a tsakani ciwon suga ya bazu, mutane sun ƙaru, tsofaffi sun ƙaru.

Talata, 14 ga Oktoba

Gwajin gani. Kowa ya ɗauka wannan ne mafi sauƙi, shi ya sa na ba shi kwana uku.

Ba allon A, B, C muke amfani da shi ba, harafin E ne guda ake jujjuya shi, mutum ya nuna da hannu inda ƙafafunsa suka fuskanta. Ga wanda bai yi boko ba, ba ma cewa harafi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a garinsu cokali mai yatsu suke ce masa, muka ɗauka. Kowace tawaga na da igiya mai ƙulli a mita 3 da mita 6, domin taku ba awo ba ne: takun dogon cikinmu ya kusa ninka na gajeruwar cikinmu. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin mudun muke so.

Iyakokin Hukumar Lafiya ta Duniya sai da na sa kowa ya haddace su kamar karatun allo. Idon da ya fi gani ake dubawa. Wanda ya kasa 6/12, wato gani daga mita 6 abin da lafiyayyen ido ke gani daga mita 12, yana da ƙaramin rauni, wanda ya kasa 6/18 matsakaici, wanda ya kasa 6/60 mai tsanani, wanda ya kasa 3/60 shi ne makaho a lissafin bincike, ko da yana iya kai kansa masallaci. Ana fara gwada mutum yadda ya zo, da tabarau ɗinsa in yana da shi. In ya kasa, sai a sa masa faifai mai 'yar huda ya leƙa. In gani ya gyaru ta hudar, matsalarsa ta tabarau ce kawai.

Muka gwada a kan iyayen ma'aikata da suka yarda suka zo. Nan abubuwa suka fito. Tsoho ya rufe ido ɗaya da tafin hannu yana leƙe ta tsakanin yatsu. Jika na tsaye a gefe yana raɗa wa kakarsa "sama, Iya, sama." Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai riƙe allon da kansa, wanda ke ɗaga gira duk lokacin da aka yi kuskure, tsohon kuwa ya gane, ya riƙa canza amsa yana kallon fuskarsa maimakon allon. Shi ma dai wani gwajin ganin ne, amma ba shi muka zo yi ba.

Jumma'a, 24 ga Oktoba

Mun faɗi jarrabawar daidaito.

Yadda ake yin ta: a tara mutane masu matsaloli iri-iri, kowace tawaga ta duba su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta ga abin da wata ta rubuta ba, sannan a gwama da na babban likita. Ma'aunin daidaituwar amsoshin, wanda 'yan ƙididdiga ke kira kapa, dole ya kai 0.6 kafin a bar tawaga ta fita babban bincike. A gwajin gani mun haye. A musabbabin rashin ganin, tawaga biyu cikin huɗu ba su kai ba.

Da na zauna da takardun sai na ga ciwon iri biyu ne. Na farko na ƙa'ida ne. Tsarin ya ce kowane mutum sanadi ɗaya za a rubuta masa, kuma in cututtuka biyu suka haɗu, a zaɓi wanda ya fi sauƙin magani ko rigakafi. Likita kuwa zuciyarsa na wajen cutar da ta fi ba shi sha'awa. An kawo dattijo mai yana da ta rufe ido, kuma da alamar lalacewar bangon bayan ido, sai likitanmu ya tsallake yanar ya rubuta ta bayan.

Na biyu ya fi damuna. Wata ma'aikaciyar jinya, wadda ta shekara goma sha a ɗakin tiyatar ido, ta rubuta amsa daidai, sannan ta soke ta da ta hango abin da ƙaramin likita ya rubuta. Na ga sokewar a takarda. Da na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Dakta, ai shi ne likita." Na ce mata a asibiti haka ne, a nan kuwa abin da idonta ya gani nake biya. Kunya da girmama na gaba tarbiyya ce, ba na son in raba ta da su, amma sai mun samo musu wurin ajiya a bakin ƙofar bincike. Daga yanzu kowa zai rufe amsarsa a waya kafin a yi magana.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Shekaru. Tsofaffinmu da yawa ba su da takardar haihuwa, wanda ke da katin zaɓe kuma sau da yawa mai rajista ne ya kalle shi ya yanka masa. In ana zaton za a raba wani abu, ɗan 43 zai zama 55 nan take. In kuma mace ce ana tambayarta gaban kishiya, sai lissafin ya koma baya.

Muka haɗa kalandar tarihi. Sa'armu ɗaya a bana: wanda ya cika 50 yanzu an haife shi a 1975, Janar Murtala kuwa an kashe shi ranar 13 ga Fabrairun 1976. Saboda haka tambayar da ke raba gardama ita ce, "Da aka kashe Murtala, an haife ki?" Wanda ya ce yana goye ko yana rarrafe, ya shiga. Ga na sama da haka muna da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, komawa tuƙin hannun dama a 1972, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, kisan Sardauna a Janairun 1966, da samun mulkin kai a 1960. Matan tawagar suka ƙara nasu da ya fi nawa aiki: shekarun ɗan fari, da ko an yi auren kafin babban farin nan na farkon shekarun 1970 ko bayansa. Na lura da yawa daga cikin ɗaliban ba su san an taɓa tuƙi a hannun hagu a ƙasar nan ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Fitarmu ta farko, wani ƙauye mai tafiyar awa biyu, rabinta a burji.

Tun mako guda muka aika wa dagaci, muka yi bayani. Muna isa muka tarar da ƙofar fada cike. Ya sa an yi shela, an kwaso duk wani mai ciwon ido daga garin da rugagen kewaye, wasu a amalanke, wasu da 'yan jagora riƙe da sanda. Har Sarkin Makafi ya zo da jama'arsa. Dagaci ya tarbe mu da fara'a ya ce, "Likita, mun hutar da ku yawo. Ga su nan duka."

Ɗaliban suka fara sauke kaya suna murna. Na ja su gefe na ce in muka ƙirga waɗannan, rahotonmu zai ce kusan kowa a garin nan makaho ne. Tsarin ya ce a yanka gari gunduwa-gunduwa, a jefa ƙuri'a a ɗauki gunduwa ɗaya, a bi ta ƙofa-ƙofa har a cika mutum 50, mai gani da marar gani.

Faɗa wa dagaci wannan shi ne aiki. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, in za a san yawan tsakuwar da ke cikin buhun gero, ai ba tsakuwar za a tsince a auna ba, hannu za a zura a ɗebo yadda ya zo." Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce ya gane, amma mutanen nan fa ba za su koma haka ba. Gaskiyarsa. Muka raba tawaga: biyu suka zauna a fada suka duba kowa, suka rubuta takardar turawa asibiti, ba tare da sun shiga lissafi ba. Biyu suka shiga gari. Laifin nawa ne, wasiƙar da na rubuta ta ce "za mu duba idon tsofaffi", kuma abin da ya yi ke nan. Na sake rubuta ta a mota.

Kaka ce, maza da yawa suna gona wajen girbin dawa da roron wake. Wanda ke gona kuwa galibi mai gani ne, in ka tsallake shi ka sake karkatar da awo. Sai da muka jira la'asar sakaliya muka koma gidaje goma sha ɗaya.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Gida na bakwai a layin masallaci. Maigidan, mai kimanin shekara 45, ya ce babu tsoho a gidan. Har an rubuta an juya, sai wata 'yar yarinya da ke wasa a zaure ta ce, "Sai dai Iya." Ya ce, "Wo, Iya ai ba ta fita."

Ba ƙarya ya yi ba a ganinsa. Ya ɗauka masu iya fitowa muke nema. Biyu daga cikin matanmu suka shiga, suka same ta a ɗakin ƙarshe bayan rumbu, a zaune bakin gado, da tasbaha. Ta ce ta yi shekara huɗu rabonta da ƙofar gida. Ba ta ga yatsu ba ko a gaban hancinta, amma tana gane hasken tocila ta kowane ɓangare, kuma baƙin idon yana motsi da haske yadda ake so. Yana ce fara fat a ido biyun. Irin wannan aikin minti ashirin ne ko ƙasa da haka a hannun wanda ya saba.

Akwai tambaya a takardar: me ya hana a yi aiki? Zaɓin sun haɗa da tsoro, kuɗi, rashin sanin ana warkewa, rashin hanyar zuwa, da rashin jin buƙata. Ɗalibar ta tambaye ta. Ta ce, "Yarinya, tsufa ne. Wanda ya ga jiya ya ga yau, me ya rage masa ya gani?" Ɗalibar ta kusa danna "ba ta jin buƙata". Abokiyar aikinta ta dafa ta, ta ci gaba da hira. Can sai Iya ta ce an taɓa kai ta wani wuri da idon ya fara hazo, aka ce ta koma sai yanar ta nuna. Ta koma tana jira. Ba wanda ya gaya mata yadda za ta san ta nuna, ba wanda ya sake ɗaukarta.

Wannan "sai ta nuna" gadon zamanin da ake ciro gilashin da ke cikin idon ɗungurungum ne. Da aikin yanzu, wanda ake sa sabon gilashi a ciki, ba a jiran sai mutum ya makance. Amma maganar ta riga ta zauna a bakin mutane, har da wasu ma'aikatan lafiya. A daren nan muka yi awa guda a kan amsar farko da amsar gaskiya, da yadda waya ke sa mutum gaggawar danna wani abu don allon ya wuce.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Wayoyi uku sun mutu da rana tsaka ranar Jumma'a. Takardun da aka yi mini dariya a kansu sun yi rana. An sayo batiran caji huɗu.

Talata, 25 ga Nuwamba

Yau ɗaliban suka fara cin karo da idon da aka yi wa aikin gargajiya. Dattijo ne, tsohon maɗinki. Wani mai magani da ke bin kasuwanni ya sa masa tsinke ya tura yanar ta faɗa cikin ido. Ya ce a ranar ya ga haske har ya ba da tukuici, bayan wata biyu idon ya yi ja, ya yi ta zogi, ya mutu. Ɗaya likitan ya leƙa ya ga babu gilashi a mazauninsa, ya rubuta an yi tiyata. Sai da na sa ya ɗiga maganin buɗe ido, ya sake leƙawa, ya hango yanar kwance a ƙasa kamar tsakuwa a gindin randa. Takardar na da gurbin wannan daban, kuma dole a cika shi daidai. Binciken ƙasa ya nuna kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanyar aka taɓa su, kuma akasarinsu sun ci gaba da zama a makance. Na hana kowa yi wa dattijon faɗa. Mai tsinken ya zo har ƙofar gidansa, ya karɓi abin da ya sawwaƙa. Mu sai yau muka zo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gilakoma. Kayan da muke ɗauka, tocila da madubin leƙa ido, ba sa kama ta sai ta yi nisa, domin tana cin gani ne daga gefe, ta bar tsakiya sai ƙarshe. Mutum zai karanta cokalinmu tsaf a mita 6 alhali jijiyar ganinsa ta kusa ƙarewa. Nazarin da Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar daga binciken ƙasa ya nuna kimanin mutum 5 cikin 100 na 'yan 40 zuwa sama suna da ita, a cikinsu kusan ɗaya cikin ashirin ne kawai ya san yana da ita, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Na gaya wa ɗaliban su rubuta a rahotonsu, baƙi da fari, cewa adadin da za mu samu na wannan cuta ƙasa yake da gaskiya. Mai bincike ya san inda mudunsa ke yoyo.

Litinin, 8 ga Disamba

Hunturu ya sauka. Ƙura ta sa mun daina gwaji kafin ƙarfe tara, kuma kowane ido ja ne, na masu dubawa da na waɗanda ake dubawa.

An maimaita jarrabawar daidaito, tawaga huɗun sun haye. Ma'aikaciyar jinyar nan ta saɓa wa likita a kan mutum biyu, kuma a ɗaya ita ce da gaskiya. Ban ce komai ba, na dai ga ta gyara zaman mayafinta.

'Yan ƙididdiga sun kawo abin da ba na so in gani. A wata tawaga shekaru sun taru a 50, 60 da 70 kamar an jera buhuna, alamar an ajiye kalandar tarihi ana yanke da ido. Mafi muni, mutum uku da aka rubuta ba sa gida da safe sun bayyana da cikakken sakamako da yamma, a lokacin da motar ta riga ta kama hanya. Wayar na rubuta lokaci. Na kira mai tawagar ni da shi. Bai musa ba. Ya ce maƙwabta sun tabbatar masa mutanen garau suke gani, ga magariba ta yi, ga direba na ƙorafin hanya. Na fahimci gajiyar. Amma tsarin na da gurbin wanda ba a samu ba, kuma gurbin da aka bari fanko da gaskiya ya fi wanda aka cika da zato. Mun soke gunduwar gaba ɗaya, shi da kansa zai koma ya sake ta. Ban kore shi ba. Ina ganin wanda aka kama sau ɗaya a wajen horo ya fi wanda ba a taɓa kamawa ba.

Litinin, 5 ga Janairu, 2026

Kowane ɗalibi ya kawo tambayar da zai bi da kansa bayan babban bincike. Ɗaya zai koma kan waɗanda aka riga aka yi wa aikin yana ya ga nawa ne ke ganin 6/12, domin abin da duniya ke aunawa yanzu ke nan: a 2021 babban taron lafiya na duniya ya sa burin ƙara maki 30 cikin ɗari, kafin 2030, a yawan masu yanar da aka yi wa aiki kuma suka gani da kyau. Wata za ta duba tabaran karatu, bayan ta gaji da jin tsofaffi na cewa sun daina karanta Alƙur'ani da tsintar shinkafa da zura zare a allura. Wani yana son ƙara gwajin suga a yatsa. Na ce ya fara kawo lissafin kuɗin tsinken gwajin.

Ɗalibar da ta shiga ɗakin Iya ta ɗauki takardun turawa asibiti da muka raba tun Nuwamba, tana bin su ɗaya-ɗaya ta ga wa ya je, wa bai je ba, da dalili. Iya na cikin waɗanda ba su je ba. Ɗanta ya ce sai ya sayar da wake. Ta sake kiransa ranar Asabar, ya ce farashi bai yi ba tukuna, kuma wa zai zauna da ita a asibiti, matarsa na da tsohon ciki. Mun sa sunanta a motar da za ta ɗebo marasa lafiya ranar 20 ga wata, an kuma sami wata jikarta da za ta raka ta, in uban ya amince.

Babban bincike zai fara mako mai zuwa. Dole mu gama gunduwoyin nesa kafin azumi ya kama a tsakiyar Fabrairu, domin mutane da yawa ba za su yarda a ɗiga musu magani a ido da rana ba, kuma ba zan tsaya jayayya da tsoho mai azumi a kan wannan ba. Saura igiya biyu da za a sake aunawa, ɗaya ta miƙe da kusan taƙi guda.